Albasa da Alubosa

Wata Laraba ce da damina, ina aji biyar a firamare a unguwar Agege, muka fara jin ihu daga wajen kasuwa. Kafin a fita tara maigadi ya garƙame ƙofar makaranta. Wai rigima ce tsakanin wani ɗan okada Bahaushe da wani Bayarabe kwandastan motar haya ta danfo, kafin ka ce kwabo ta koma ta ƙabila. Babana kuwa albasa yake sayarwa a bakin layin dogo, daidai inda hayaƙi ke tashi.

Ba wanda ya ce mu rabu, amma ajinmu ya dare gida biyu, Hausawa jikin taga, Yarabawa jikin ƙofa. Bisola, ƙawata da muke 'yar carafke kullum, muke raba ƙosai ɗaya, ta janye jakarta daga bencinmu ko kallona ba ta yi ba. Wallahi wannan ya fi ihun waje ba ni tsoro. Wani yaro daga jikin ƙofa ya ce mana, "Aboki, ku koma garinku!" Ni da aka binne cibiyata a Agege, wane gari kuma?

Malamarmu ta tarihi, Bayarabiya, ta ɗauki alli. Ta tambaye ni me babana ke sayarwa, na ce albasa. Ta juya wajen su Bisola, "Ku fa, me kuke ce mata?" Can ƙasa-ƙasa wani ya ce alubosa. Ta ce lafiya fa? Suka ce alafiya! Albarka? Alubarika! Sai ta juyo kanmu, wai agogo da ashana a bakin Yarabawa muka aro, albasar ma tun daga ƙasar Larabawa ta taso. "Kalma ba ta da ƙafa," in ji ta, "mutane ne suka kai wa juna ita, suna ciniki, suna cin abinci tare." Tana rufe baki dutse ya dira a kan kwanon ajin, kowa ya yi ƙasa. Da na buɗe ido, hannun Bisola ne damƙe da nawa a ƙarƙashin benci. Da yamma mamanta ce ta raka ni har gida, muka tarar da Baba lafiya lau.

Tun ranar nake farautar asalin kalmomi, ba malami, sai waya da tsofaffin kasuwa, kuma kullum sai na tarar wasu mutane na nesa sun riga sun shigo bakina! Yanzu idan rigima ta tashi, a waya yara ke fara jin ta, kowa a ɗakinsa, ba benci ɗaya da za a ɓuya tare. Mu dai mun yi sa'ar malama.