Ƙahon da Inna ta sha

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato babu injin wankin ƙoda kusa da mu, sai da aka kai Baba har Legas, Inna na jinyarsa. A can suka zura masa roba a babbar jijiyar da ke gindin wuya, ta nan jini ke fita a wanke shi ya koma. Da ya ɗan samu sauƙi aka cire robar, suka dawo gida unguwarmu ta Nasarawa, muna ta murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Hannunsa na dama ya fara kumbura har agogo ya daina shiga, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a ƙirjinsa. Inna ta ce likita ya faɗa musu haka na iya faruwa: robar kan bar tabo a cikin jijiya ta tsuke, jini ya kasa komawa. Ya kuma ja kunnenta kada a tsaga fatar, don maganin da Baba ke sha ba ya barin jini ya tsaya da wuri.

Sai ga yayan Baba daga Argungu, tafe da wanzami. Yayan nan mutum ne da ba a yi masa musu, ga shi ya taso takanas saboda ƙauna. A ganinsa mataccen jini ne, ƙaho kawai zai fitar da shi. Baba kuwa, duk iliminsa, ba ya iya cewa a'a gaban yayansa. Ya fara naɗe hannun riga. Haushin Baba ya kama ni, tsoro ya fi yawa.

Inna, wadda ko ido ba ta haɗawa da yayan mijinta, ta durƙusa a ƙofar ɗakin.

"Yaya, hannun ga likita ya hana a taɓa shi. Amma wanzami ba ya komawa hakanan. Ni ƙeyata ta daɗe tana damuna."

Ƙeyarta lafiya lau, ni shaida ce. Yaya ya dube ta, ya dubi ƙaninsa, ya ce to a yi mata. Ta sunkuya a tsakar gida, aska na cin fatarta. Ina riƙe da ƙoƙon da ake juye jinin, sai ta ce mini a hankali in matsa gefe, kada Baba ya hango daga ɗaki.