Ganyen Dawar Inna

Wata safiya a ƙarshen damanar 1955 na hau gonarmu da ke gefen dutse a Manga don korar tsuntsaye, sai na tarar da dawar tsaye tsirara. Tun daga gindi har wuyan zangarniya babu ganye ko ɗaya, sai kara da kai suna lilo. A bakin gona kuwa ga Baffa, ƙanen mahaifina da ya dawo daga aikin soja, yana ɗaure dami na ƙarshe yana fito. Raguna ya sayo zai turke, kuma ganyen dawarmu ya ga ya dace da bakinsu. Na sheƙa gida da gudu ina kiran Inna, ƙaya na sukata ban ji ba.

A wajenmu al'ada ta yarda ɗan'uwa ya ɗebi ganyen dawa don dabbobinsa, amma sai ƙwaya ta yi tauri, kuma na ƙasa ake cirewa, waɗanda suka fara bushewa. Tamu a lokacin in ka matsa ƙwayar ruwa ne fari ke fita kamar nono. Mu yara ma mun san abin da ke tafiya cikin karan, domin muna sata muna tauna shi: kafin kai ya cika zaƙi gare shi, bayan ya cika sai ya zama lami, duk zaƙin ya hau sama ya zama hatsi. Inna kan ce, "Ganye ne ke girki, kara ya ɗauka, zangarniya ta ci." Da na girma na ji cewa ganyen da hasken rana da iska yake haɗa abincin, amma wannan bai ƙara min komai ba sai haushi. Baffa a gona ya tashi, ya san duk wannan sarai. Ya dai san mahaifina ya rasu, babu mai tare masa hanya.

Wannan gonar ni da Inna da ƙanwata Ladi muka jera mata duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasar, muka kai taki a ka, muka yi noma har hannu ya yi kanta. Inna ta kai ƙara wurin dattawan unguwa. Suka zauna a inuwa, suka sha abin shansu, suka ce, "Ganye ya ɗauka, ai bai taɓa hatsinki ba." Har yau in na tuna wannan magana sai zuciyata ta tafasa. Manoma ne fa dukkansu, babu wanda zai yarda a yi wa gonarsa haka, amma tsoron tsohuwar rigar soja ya rufe musu baki.

Da aka yi girbi zangarniyar ba nauyi, yaro ma sai ya ɗauki dami da hannu ɗaya. Muka sussuka, iska ta kwashe rabi, abin da ya rage ƙwaya ce a motse. Rumbun bai kai mu farkon damana ba. Ragunan Baffa kuwa suka yi ƙiba har wuya na rawa. Da yunwa ta matsa, Inna ta ɗauki Ladi ta kai wa yayarta a Sakaba, wai in kakar girbi ta zo sai ta dawo. Kaka ta zo, wata kakar ma ta zo, ba a taɓa samun rarar da za a ce ta dawo ba. Can ta girma, can ta yi aure.

Yanzu jikokina a kasuwar Zuru suke ganin dawa cikin buhu, ba su san wahalar da ke cika ƙwaya ɗaya ba, kuma ina gode wa Allah da ba su san rumbu wayam ba. Baffa ya daɗe da mutuwa, dattawan ma haka, babu wanda ya taɓa cewa a yi haƙuri. Nakan je Sakaba wurin Ladi, ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa ta durƙusa da ladabi. Uwa ɗaya ta haife mu, amma gaisuwar baƙo take yi min.