Gangar Noma a Cikin Gilashi

Bana shekara shida ke nan da rasuwar kawuna, Malam Habu, wanda mutanen Sharada suka fi sani da mai ɗakin kayan da. Ma'aikacin masaƙa ne a Bompai. Lokacin da kamfanoni suka fara cin gonakin unguwarmu, sai ya roƙi wani ɗaki a gefen makarantar firamare, ya riƙa tara abubuwan da ake yasarwa: garma, akushi, masaƙar hannu, fitilar aci-balbal. Ranar Asabar yakan buɗe, 'yan makaranta da leburorin da suka tashi daga aikin safe su shigo kallo.

Kawu ba ya karɓar kyauta, ajiya yake karɓa. Duk wanda ya kawo abu, ranar da bukatarsa ta tashi sai ya zo ya ɗauka. Shi ya sa ba a taɓa ganin ɗakin a cike ba. In baƙo ya tarar da ƙusa a bango babu komai, sai Kawu ya ce masa, "Wurin gangar noma ne, ta tafi aiki." Ni mai son ganin komai a muhallinsa ne, abin yakan dame ni. Tsarin kuma ya jawo asara. Akwai takobin da aka ɗauka don wani biki, har yau bai dawo ba.

Bayan rasuwarsa aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki saboda ina karatu a jami'a. Wani kamfanin fata ya ba mu akwatunan gilashi, kwamiti ya yi doka cewa abin da ya shiga ba ya fita.

Da daminar bara, Baba Ɗanjuma, mai gangar noman nan, ya zo ɗaukar ta. An riga an auna gonarsa za a gina sito, yana so ya kira gayyarsa ta ƙarshe. Sakataren kwamiti ya tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, ku yi haƙuri. Gangar nan yanzu kayan tarihi ce."

"Malam sakatare, ni na sassaƙa ta da hannuna. In tsufa ake kullewa, ai ni ya kamata ku sa a gilashin."

Aka yi dariya, amma ba a buɗe akwatin ba. An yi gayyar da rediyo mai kaset rataye a reshen ɗorawa. Waɗanda suka je sun ce tun kafin azahar samari suka fara sulalewa.

Akwai abin da ba mu lura da shi ba. A zamanin Kawu, gangar takan dawo bayan damina an shafe ta da mai, an ja igiyoyinta, wani lokacin ma da sabuwar fata. A cikin gilashi babu mai taɓa ta. Watan jiya fatar ta tsage.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da zai leƙo ɗakin yau. Ina jin zai yaba tsabtar, don shi ma ƙura ta sha ba shi haushi. Zai ga babu abin da ya ɓace tun bayansa, wannan gaskiya ne. Zai kuma ga cewa tun bara babu wanda ya ƙara kawo mana ko ludayi. Kayan da ya tara suna nan, amma mutane shi suka ba wa, ba ɗakin ba. Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya haskaka makwancinsa.

Kwamiti ya aike ni wurin Baba Ɗanjuma in roƙe shi ya sake wa gangar fata. Na same shi a gindin katangar siton, inda yanzu yake gadi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, gangar da ba za a kaɗa ba, me za ta yi da fata? Ku bar ta haka. Masu kallo su ga abin da ya faru."