Dogon Latbiya da Ƙwallon da Ke Dawowa

A unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, ina muka ga murhu, balle hira a bakin wuta? Maganin sauro mai hayaƙi muke kewayewa a barandar benenmu bayan magariba, ni da ƙanwata, jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa. Hajiya Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano ne da niyya guda: ta tattara mu mu koma gida. Baba ya gama karatu, amma kullum sai ya ce, "Hajiya, sai baɗi."

Labarin da ta fi maimaitawa na Dogo ne. Daga bakin marigayi kakanmu ta ji, shi da ya yi karatu a ƙasar Sobiyet. A Latbiya ya tarar da wani tsoho mai shara a ɗakin wasa, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ashe yana cikin samarin farko da suka buga wa ƙasar ƙwallon kwando, tun ana koyon wasan a ɗakunan da sanyi ke daskarar da yatsu. Da yaƙi ya zo, aka kwashe wasu abokansa, saura suka gudu ta teku. Sun ce masa za su dawo. Shi ya tsaya jira.

"To, wata rana kakanku ya manta hularsa, ya koma," in ji Kaka, tana rage murya. "Ya ga Dogo shi kaɗai. Sai Dogo ya kira sunan wani abokinsa, ya wurga ƙwallo cikin duhu. Shiru, ba ta faɗi ba. Can sai ga ta ta dawo hannunsa, da ɗuminta!"

"Kai, Kaka! Wa ya cafe?"

"Ni ma ban tambaya ba, sarkin surutu. Wanda aka bari a gida, idan jira ya yi tsawo, wani abu ne ke amsa masa."

Da ƙarfi take faɗin wannan, don Baba ya ji daga falo. Wallahi tsoro ya sa na daina bi ta filin ƙwallon da ke ƙasan benenmu. Baba kuwa dariya ya yi, ya kai ta filin jirgi ita kaɗai.

Ba mu koma ba sai da ta rasu. Na daɗe ina ɗauka tsoratar da mu take yi. Ashe ita ce ke jin tsoro, kuma har yau ina jin haushin Baba a kan haka.

Ranar sadakar uku wata maƙwabciyarta ta riƙe hannuna, ta ce, "Allah sarki, ashe kai ne Nura. Ai na san muryarka. Kullum da magariba in ta kira sunanka a tsakar gida, ta katanga nake jin ka ce na'am."

Ban taɓa taka gidan Kaka ba sai ranar.