Notin Bindigar Baba Grema

Ni dai ban taɓa ganin ƙarfen da tsafta ta kashe ba sai a hannun Baba Grema. Tsatsa na sani, yashi na sani, gangancin direbobi ma na sani, don da su nake cin abinci. Sunana Abbakar, bakanike ne ni a Diffa. A da babura nake gyarawa, da aka hana hawansu saboda halin tsaro sai na koma kan injinan ban-ruwa na manoman tattasai, tunda ciki ba ya jin doka.

Baba Grema mutumin Barwa ne, can wajen Bosso. Tun tasowarsa tattasai yake nomawa, kuma yana cikin tsofaffin da in ruwan kogin Komadugu ya sauko suke fita tarbarsa kamar baƙo. Shekarar da mutanen daji, masu bindigar nan, suka tashi garin, shi da matarsa Iya Yakaka suka fito da abin da jaki zai iya ɗauka: tabarma, tukunya, injin ban-ruwa, da bindigar da ya gada wajen mahaifinsa. Suka sauka a rumfunan zana da ke bayan garejina, da niyyar yin kwana biyu. Kwana biyun nan ne har yaran da aka haifa a rumfunan suka shiga makaranta.

Bindigar tsohuwa ce mai baki ɗaya, ta korar gadu da birai daga gona. Harsashinta ya ƙare tun kafin gudun hijirar, kuma mutanen garinsu duk sun san da ita, har bulamansu, wato mai garin. Matsalar Baba Grema ita ce bai iya zama ba. A gona hannunsa ba ya hutawa, nan kuwa ba abin yi sai layin karɓar hatsi da jiran la'asar. Ya gwada dako a kasuwa, gwiwa ta ƙi. Ya nemi ƙwadago a lambunan bakin gari, aka dubi furfurarsa aka ba shi haƙuri. Sai ya koma wa bindigar. Ya shimfiɗa tsohon zane a cikin rumfa, ya kwance ta ɗai-ɗai, ya goge da tsumma da man gyaɗa, ya mayar ya ɗaure. Da fari sai ranar Juma'a yake yi. Daga baya ya zama duk ranar da zuciya ta yi masa nauyi, kuma irin waɗannan ranakun ba su da wuyar samu.

Iya Yakaka ta sha kawo mini ƙararsa. "Abbakar, ka yi wa babanka magana. Man da zan sa a miya, ƙarfe ke shanyewa." Nakan ce to, Iya, amma ban taɓa yi ba. Me zan ce wa dattijon da abin da ya rage masa ke nan?

Ana nan sai aka yi shelar mayar da mutanen Barwa gida. Bulama ya tara su ya ce za a binciki kayan kowa a hanya, don haka mai tsohuwar bindiga ya kawo masa ya miƙa wa hukuma, kuma cikakkiya, kada a ce an ɓoye wani sashe. Wanda bai yi haka ba, ba zai saka shi cikin motar komawa gida ba. Baba Grema bai yi gardama ba, don gonarsa yake so. Amma ya ce ko tukunya za ka ba mutum sai ka wanke ta, balle abin da ubansa ya riƙe. Ya shimfiɗa zane, ya kwance, ya goge. Da ya zo ɗaurewa, babban notin da ke haɗa bututun da ƙota ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa.

Da hantsi ya shigo garejina da buhu a kafaɗa. Da na leƙa ciki sai na ga bindigar ce. A Diffa, bindiga a warwatse cikin buhu ba abin wasa ba ce, ko da ta girmi hukumar kanta.

"Baba, so kake a rufe mini gareji, ni ma a rufe ni?"

"Ɗana, jibi mota za ta tashi. In na kai ta haka, bulama ba zai karɓa ba. Duba mini bis ɗin nan, da turnabis na juya, na juya, shiru."

Bis da turnabis, wato noti da abin juya shi. Na ja shi bayan rumfa na duba. Haƙoran notin sun suɗe sumul, na cikin ramin ma haka. Ba faɗuwa ta yi ba, ba tsatsa ba ce. Kwancewa da ɗaurewa ne kawai na shekara da shekaru suka cinye su. Na gaya masa hakan, har da ɗan zafi, don ina da injina a ƙasa, masu su na zaune suna zuba mini ido. Ya sunkuyar da kai.

Gyaran dai ɗaya ne: a yanka sabbin haƙora a cikin ramin, a nemo notin da ya ɗan fi kauri. Na ɗauko ƙarfen yankan, wanda muke kira taro, na ɗiga mai na shiga juyawa a hankali, don ƙarfen tsoho ne kuma ba shi da sauran nama. Notin kuwa a cikin gwangwanin tarkacen matattun injina na tsinto shi.

"Baba, wannan ɗauri ɗaya ne," na ce masa. "In aka sake kwancewa, shi ke nan, ba inda zan ƙara yanka."

"Wato ba za a ƙara buɗe ta ba."

"Ai daga gobe ba a hannunka take ba."

Sannan ya ciro ƴar kwalbar man gyaɗa daga aljihu, ya ce in ba shi wuri. A nan bayan rumfata ya sake goge ta kaf, abin da ya riga ya goge da safe. Na ji haushi, na kuma ji tausayi, har na rasa wanda ya fi yawa. Da ya gama, shi da kansa ya ɗaure notin, ya kama gam. Ya naɗe ta a zanen Iya Yakaka, ya saɓa, ya tafi wajen bulama da rana tsaka kowa na gani.

Kafin su tashi na ce ya kawo injin ban-ruwansa, wanda ke jibge a kusurwar rumfa tun zuwansu. Na wanke shi, na sa masa sabon fulogi, na ja igiya ya tashi. Ranar na fara ganin haƙoran Baba Grema a waje don dariya. Ya ce in tattasai ya nuna, buhun farko nawa ne.

Ruwan Komadugu ya zo ya koma. Jan tattasai ya fara shigowa kasuwa daga wasu garuruwan, ni ban ga buhuna ba, ban kuma damu ba, don na san noma ba a yi masa alkawari. Rannan sai ga Kashim, direban da ke bin hanyar Bosso, ya sauke mini inji a ƙofar gareji. Ya ce Baba Grema na gaishe ni, wai notocin sun daina kamawa.

Tun kafin in taɓa shi na ji ƙanshin man gyaɗa. Injin na sheƙi kamar yau aka fito da shi daga shago. Na buɗe bakin da ke jan ruwa, ba laka, ba ciyawa, ba ko ƙwayar yashi. Fulogin da na sa yana nan fari fat. Notocin kuwa duk sun suɗe.

Na tambayi Kashim gonar. Ya ce gonar Baba tana can bakin ruwa sosai, kuma har yanzu ba mai iya zuwa wajen saboda mutanen daji. Masu fili kusa da gari sun ɗan taɓa noma. Shi dai kullum yana ƙofar gida, ya shimfiɗa zane.

Na zauna na yanka sabbin haƙora, rami bayan rami. Da na gama, Kashim ya ce, "In gaya masa ya bar kwance shi?"

Na jawo gwangwanin tarkace, na tsince notoci masu kyau cike da hannu, na ƙulle a leda na ɗaura a jikin injin.

"A'a," na ce. "Ka ce masa ya kwance duk lokacin da ya ga dama. In waɗannan sun cinye, ya aiko."