Mama Liatu Mai Ɗiban Wuta

Tun kafin gari ya gama wayewa za ka ji takun Mama Liatu a lungunmu, tana ɗan jan ƙafar hagu, da kasko a hannu. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Masu gida, an tashi lafiya? A san mini wuta." Kafin a amsa ta kai madafa. Ta tsuguna gaban murhu tana zaɓen garwashi kamar mai zaɓen atamfa a kanti, ta tambayi lafiyar yara, ta wuce. Gobe kuma gidan wani ne. Haka na same ta shekarar da na zo Bauchi koyarwa, haka take har makon jiya.

Abin dariyar shi ne, ita ce mai dafa wa ɗaliban makarantar mishan abinci, kuma duk unguwar nan babu wanda ya kai ta iya binne wuta a toka ta kwana da ranta. Mun sha tsokanarta. Hajja Madina, maƙwabciyarmu mai sayar da nono, takan ce, "Liatu, ke fa ko rana aka ɗaura miki a ɗaki sai kin fito roƙon wuta." Sai Mama Liatu ta yi dariya ta ce wutar gidan wani ta fi daɗin tuwo. Ɗanta Toma har kunya ta kama shi, ya sayo mata ashana. Ta yi godiya, ta sa masa albarka, ta jefa ashanar cikin tukunyar ajiya, da safe ta ɗauki kaskonta.

Ni ma na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin halin tsufa. Sai ranar Lahadin da ta wuce, da zumuntar mata ta shirya mata sallama a coci saboda ta ajiye aiki, Roda ta miƙe ta ce tana da magana. Da izininta nake rubuta wannan.

Roda matar Zakka ce, leburan gyaran hanya. Shekarun baya, ba su daɗe da zuwa daga ƙauyensu ba, ya faɗo daga kan lori ya karye a cinya, aka kwantar da shi asibiti. Hatsi ya ƙare. Ga yara biyu, ga majinyaci yana jiran kwanon abinci, ga shi ba ta san kowa ba a birni. Roda kuwa irin mutanen nan ne da sun gwammace yunwa ta kashe su da a ji su. Kullum sai ta ɗora tukunya da ruwa zalla, ta cusa ciyawa a murhu don hayaƙi ya tashi, maƙwabta su ce ana girki. A ranta ta riga ta yanke: za ta cire 'yarta daga makaranta, ta kwashi yaran su koma ƙauye, ta bar Zakka a hannun Allah.

Ana haka Mama Liatu ta zo ɗiban wuta. Ta tona murhu, babu garwashi ko ɗaya, sai baƙar tokar ciyawa. Ta dubi tukunya, babu ƙanzo. Ta ɗauki kaskonta ta tafi. Can sai ga ta da dawa da kuka da daddawa a ƙwarya.

"Roda 'yata, ki taimake ni don Allah," in ji ta. "Ciwon bayan nan ya hana ni daka, hayaƙin makaranta kuma ya gama mini ido. Ki riƙa yi mini tuwon dare a nan wurinki. Amma ki yi da yawa, ni ba na iya cin ɗan tuwo."

Roda ta ce, "To, Mama."

Da yamma mai cin tuwo da yawa ta zo, ta yi loma kaɗan, ta wanke hannu, ta ce miya ta yi mata yaji, kada a zubar, a kai wa Zakka saura. Haka aka yi ta yi har damina ta fita, Zakka ya taka ƙafarsa. Wasu ranakun da ƙwaryar nono Mama Liatu take zuwa, domin Hajja Madina, duk tsokanar nan da take yi, ta daɗe da gano sirrin kaskon. 'Yar Roda kuwa ba ta bar makaranta ba. A ajina take yanzu, kuma ita ce ke damuna da tambaya.

Roda ta gama ta zauna. Na duba na ga mata da yawa sun sunkuyar da kai suna share ido, kowace ta tuna wata safiya da aka zo gidanta ɗiban wuta. Ashe ba Roda kaɗai ba ce. Mama Liatu dai sai gyara ɗankwali take tana gunaguni, wai Roda ta cika surutu.

Mama, ke ce kika san cewa labarin gida murhu ake tambaya. Ke ce mai shiga a matsayin mai roƙo don kada wanda za ki bai wa ya ji nauyi. Kullum muna roƙon Ubangiji abincin yini, ba mu lura da cewa sau da yawa ta lungu yake aiko shi, a hannun tsohuwa mai jan ƙafa. Cikinki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa har yau ba mu san yawan gidajen da kika rufa wa asiri ba. Mun gode. Ni dai ina ƙaunarki, kuma raina fari ƙal yake da na faɗa miki kina ji da kunnenki.

Ranar Talata Toma ya tafi da Mama Liatu gidansa a Zungur ta huta, ta sha hantsi da jikoki. Na yi mata murna, amma abu ɗaya ya tsaya mini. Bana an samu mulkin kai, gari sai cika yake da baƙi, kowane gida da ashanarsa. In babu mai shiga madafar wani, wa zai ga murhun da ya mutu? Don haka nake roƙonku, 'yan'uwa, ku nemi dalilin leƙa maƙwabci, ko na aron gishiri ne, ku buɗe ido, ku rufe baki.

Jiya da sassafe na ji sallama. Na buɗe na ga Roda, da kaskon nan da na sani, wanda bakinsa ya ɗan ɓalle. Na san tana da ashana, ita ma ta san na sani.

"Malama, an tashi lafiya? A san mini wuta."

Na matsa mata ta wuce. Kafin ta taɓa garwashi, tukunyata ta fara dubawa.