Sunan Malam a Cikin Baka Biyu

Islamiyyar unguwarmu a Gaya mahaifina ne ya kafa ta, a zauren gidanmu, da tabarmi da allon bango ɗaya. Mu 'ya'yansa Malam muke ce masa. Ƙanensa, baffanmu, yana Kano a lokacin yana karatun boko, sai da hutu yake leƙowa. Da makaranta ta yi ƙarfi aka gina azuzuwa, sai ga Baffa ya dawo da iya Turancinsa, shi ke shiga ofis yana fita. Daga baya ya yi digiri na biyu a kan tarihinta, ya rubuta ƙiri-ƙiri cewa shi ya assasa ta. Malam ya ji ya yi dariya, ya ce ai waɗanda suka zauna a kan tabarmin suna nan da ransu.

Da na kai ajin ƙarshe a jami'a, tarihin Islamiyyar na zaɓa don kundin digirina, da niyyar in gyara wannan ƙaryar. Malamin da ke duba aikina mutum ne mai jan biro da ƙaramin haƙuri. Ƙa'idarsa ɗaya: duk maganar da ba taki ba, ki sa sunan mai ita da shekarar da ya rubuta ta a cikin baka biyu, nan take a jikin jimlar. Ya ce kundin Baffa ne kaɗai abin da aka rubuta a kan makarantar, dole in ambace shi ko ina so ko ba na so.

Na ambace shi, amma na ɗaure shi tamau. Na rubuta cewa a cewar wannan marubuci shi ya kafa makarantar, amma dattawan da suka fara karatu a cikinta sun tabbatar yayansa ne. Har Kademi na hau babur na je wajen wani tsohon ɗalibin Malam don wannan rabin jimlar. Ranar da aka ɗaure kundin na kai wa Baffa kwafi da hannuna, ina jin kaina. Ya karɓa, ya sa mini albarka.

Ana shirin walimar saukar karatu Baffa ya buga wani ɗan littafi na tarihin makarantar, aka raba wa baƙi. A ciki ya ɗauko jimlata, ya yanke ta daidai kafin "amma", ya bar inda aka ce shi ya kafa. Sannan ya bi ƙa'ida ƙafa da ƙafa, ya sa madogara a baka biyu. Ƙa'idar kuwa sunan ƙarshe take ɗauka, ni kuma, kamar kowace ɗiya a garin nan, sunan ubana ne sunana na ƙarshe. Abin da mutanen Gaya suka gani a takarda shi ne Baffa ya kafa makaranta, in ji Malam. Baffa ya san abin da yake yi, har yau ba na shakkar wannan.

Malam mutumin hadisi ne. A wajensa, sunan da aka jingina wa magana shi ne mai ɗaukar nauyinta. Wani ya karanta masa wurin a tsakiyar taro. Aka watse, muka koma gida. Na ɗauko kundina ina nuna masa sauran jimlar, ina bayanin cewa ni ake nufi da sunan nan, ba shi ba. Ko kallon shafin bai yi ba.

"Aron sunana na ba ki ki je makaranta da shi," ya ce. "Kin kai shi ya yi shaidar zur."

Na yi kuka, na je gidan Baffa na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa ƙanen uba. Ya saurare ni yana shan shayi, ya ce in na ga inda ya karya ƙa'ida in nuna masa.

Kundina yana ajiye a ɗakin karatu yana shan ƙura, ɗan littafin Baffa kuwa yana kowane gida. Ɗaliban da suka biyo bayana daga shi suke kwafa, da sunan Malam da shekarata.

Bara wata ɗaliba daga Ajingi ta zo hira da Malam a kan makarantar, ina zaune. Ya tsufa, amma ya ji daɗin zuwanta, ya gyara zama ya fara ba ta labarin zaure da tabarmi. Ta saurara cikin ladabi, sannan ta duba wayarta.

"Allah ya gafarta Malam, amma a rubuce ba haka ka ce ba."

Malam ya kalle ta. Sannan ya juyo ya nuna ni da haɓa.

"Tambayi wannan," ya ce. "Ita ce take magana da sunana yanzu."